Samari, ku daina yi wa Linux ƙarya

Shekaranjiya na leƙa shagon wani ƙanena a Bukoki, na tarar yana zagin kwamfuta. Katin ɗaukar hoton kyamara ne ya haɗa, yana aiki lafiya da RAM giga 2, da ya ƙara ta kai giga 8 sai hotuna suka fara fitowa da zane-zane, injin yana sandarewa. Shi wai zafin Yamai ne. Na ce buɗe mini direban, wato manhajar da ke haɗa katin da Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar. A layin dma_set_mask, inda direba ke gaya wa Linux tsawon adireshin RAM da katin ke iya kaiwa, ya rubuta 64. Na ce wa ya gaya maka katin nan yana kai bit 64? Ya ce, "Yaya, haka na gani a intanet."

Haka na gani! Wannan maganar ce ke ƙona mini rai.

DMA fa, wanda layin nan ke magana a kansa, ɗan dako ne. Yana kwasar bayanai tsakanin na'ura da RAM ba tare da ya dami furosesa ba, kuma abin da direba ya faɗa game da ƙarfinsa shi Linux ke ɗauka, ba ya bincike. Katin da ke da bit 32 iyakarsa giga 4. In ka faɗi gaskiya, sai Linux ya ware masa wuri a ƙasa da giga 4 ɗin, ko ya bi da kayan ta swiotlb, wato wurin ajiya na wucin gadi da hannun katin ke kaiwa, a ɗan rage gudu amma a isa lafiya. Ka ce 64, sai a ba shi adireshin da hannunsa bai kai ba, ya yanke saman lambar, ya sauke kaya a gidan wani. Ba ƙararrawa, ba gargaɗi. An ɗora wa jaki kayan raƙumi, sannan ana zagin hanya.

Kuma ba nan kaɗai ba. Wani ya sa DMA_MEMCPY, alamar iya kwafa cikin RAM, a na'urar da ba ta iya kwafa daga RAM zuwa RAM ba. Wani ya kwaso max_burst, wato iyakar kayan da ake ɗauka a tashi ɗaya, na wani allo daban ya liƙa, don lambar ta fi girma. Zanen aro ba ya rufe katara, ƙannena. Littafin na'urar yana nan kyauta, amma shafi 40 ya fi ƙarfinku, alhali kuna iya kwana a fada kan shayi da TikTok har asuba. Wasunku ma sai su karɓi jika goma na mai kaya kafin su gwada aikin.

Mu da muka fara da 8237 na Intel, tsohon guntun da ke kula da DMA, wanda ba ya wuce mega 16, tashoshinsa na bit 8 kuma ba sa tsallake iyakar kilo 64, fotokofin littafinsa ɗaya muke zagayawa da shi mu biyar, har gefensa ya yi baƙi. Maigida ba ya barinka ka taɓa allo sai ka karanto masa rajista, wato wuraren saitin na'urar, da ka. Ina masu irin wannan horo yau?

Ƙanen nawa dai ya mayar da lambar 32, hoto ya washe. Ina juyawa zan hau babur na hango shi ya sake buɗe wani shafin yana kwafa.