Ba gwamnati ce ke rufe bakin ma'aikaci a Amurka ba, takardar sallama ce

Jama'a, akwai wata muhawara da ta daɗe tana ci a Amurka da Ingila, kuma ina ganin ya kamata mu sa ido a kanta. Shin daidai ne a raba mutum da hanyar cin abincinsa saboda ra'ayin da ya furta, alhali bai zagi abokin aikinsa ba, bai kuma yi sakaci da aikin da aka ɗauke shi ba? Ni dai ina tare da masu cewa ba daidai ba ne, ko da ra'ayin ya sosa mini rai.

Da yawanmu mun ɗauka a Amurka kowa na faɗin abin da ya ga dama. Gaskiya ne tsarin mulkinsu tun 1791 ya hana gwamnati taɓa ka saboda maganarka. Amma gwamnati kawai ya ɗaure wa hannu, bai ce komai a kan mai kamfani ba. A kusan dukkan jihohin ƙasar, ubangidanka na iya sallamar ka yau ba tare da ya gaya maka dalili ba, muddin ba don launin fatarka ko addininka ko jinsinka da makamantansu ya yi ba.

Bayan ɗan sanda farar fata ya kashe George Floyd, wani baƙar fata, a birnin Minneapolis ran 25 ga Mayun 2020, ƙasar ta ɗauki zafi, kuma da hujja. Duk mai imani da ya kalli bidiyon nan sai zuciyarsa ta tafasa. Wariyar launin fata a Amurka ba tatsuniya ba ce, baƙar fata sun sha ta shekaru ɗaruruwa. Sai dai a cikin wannan zafin ne wata ɗabi'a ta yi ƙarfi a tsakanin wasu masu fafutukar adalci a zamantakewa: wanda duk ya kauce wa layi, ba a tsayawa musu da shi, sai a nemo inda yake aiki a kai ƙararsa.

Ku dubi David Shor. Matashi ne mai nazarin alƙaluman zaɓe, kuma jam'iyyar Democrat yake yi wa aiki, wato ɗan gida ne. Kwanaki kaɗan bayan kisan Floyd ya saka wani bincike a Twitter na Omar Wasow, malami a jami'ar Princeton a lokacin, wanda shi kansa baƙar fata ne. Binciken ya nuna cewa tarzomar da ta biyo bayan kashe Martin Luther King a 1968 ta tura ƙuri'un fararen fata wajen Nixon, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Republican, yayin da zanga-zangar lumana ke ƙara wa Democrat goyon baya. Iyakar abin da ya yi ke nan. Aka yi masa ca, aka ce ya raina baƙin cikin mutane, ya fito ya ba da haƙuri, duk da haka cikin 'yan kwanaki ya rasa aikinsa a kamfanin Civis Analytics. To don Allah, idan binciken da zai taimaki tafiyarku ya zama abin kora, wa zai sake gaya muku gaskiya?

Shi Shor ma da sauƙi, yana da suna da ilimi, ya farfaɗo. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani ma'aikaci ne na kamfanin wutar lantarki a yankin San Diego, ɗan asalin Meziko. A watan Yunin 2020 yana cikin motar aiki, hannunsa a waje ta taga, wani ya ɗauke shi hoto ya saka a intanet, ya ce alamar masu fifita farar fata yake yi da yatsunsa. Bawan Allah ya ce bai ma san wannan alama ba. Kamfani ya kore shi. Daga baya wanda ya ɗauki hoton ya goge, ya ce mai yiwuwa ya yi kuskuren fahimta. Da sunan kare marasa ƙarfi aka take marar ƙarfi.

Waɗanda suka fara ɗaga murya a kan wannan ba 'yan mazan jiya kaɗai ba ne. A Yulin 2020 marubuta da malamai 153, galibinsu masu sassaucin ra'ayi, har da Noam Chomsky, suka sa hannu a wata wasiƙa a mujallar Harper's, suna gargaɗin cewa tsoron kora na kashe muhawara. Aka yi musu dariya, aka ce manya ne masu kuɗi da ba sa son a taɓa su. Wasunsu kam manya ne, amma wannan bai soke maganarsu ba.

Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Shekara 3 kacal, sai ga Gaza. A Oktoban 2023 aka tuɓe Michael Eisen, Bayahude ne kuma farfesa a Berkeley, daga shugabancin mujallar kimiyya ta eLife, saboda ya yaɗa wani rubutun barkwanci da ke sukar yadda duniya ta kau da kai daga mutuwar Falasɗinawa. A watan ne kuma mujallar Artforum ta kori editanta David Velasco bayan ya buga wasiƙar neman tsagaita wuta. Hujjar ita ce dai wadda aka saba: maganarka ta cutar da wasu, ta sa sun ji ba su da aminci. Sannan a Satumban 2025, bayan kashe Charlie Kirk, fitaccen ɗan fafutukar ra'ayin mazan jiya, 'yan mazan jiya suka ɗauki salon nan sak, har mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya ce a kira wuraren aikin masu murna da kisan.

A nan ne abin ya shafe mu. 'Yan'uwanmu likitoci da injiniyoyi da ke can a kan bizar aiki ta H-1B, in aka sallame su, kwana 60 ne gare su su sami wani aikin ko su tattara su bar ƙasar. Inshorar lafiyar iyali ma galibi a jikin aikin take. Mutum irin wannan, Musulmi, baƙo, ka ce ya buɗe baki a kan Gaza?

Wani zai ce ai kamfani na da haƙƙin kare sunansa, kuma akwai cin zarafi na gaske a wuraren aiki. Na yarda. Wanda ya zagi abokin aikinsa saboda fatarsa, ko ya matsa wa mace, ko ya hana wani ƙarin girma saboda addininsa, a kore shi, ba zan yi masa kuka ba. Wannan aiki ne ya aikata a kan wani mutum da ake iya nunawa. Ra'ayin da ya rubuta a shafinsa da dare abu ne daban.

Ingila ta ɗan gwada raba biyun. Maya Forstater ta rasa aikinta a wata cibiyar bincike a 2019 saboda ta rubuta cewa namiji ba ya komawa mace. Ta faɗi a kotun farko. A Yunin 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ma'aikata, ƙarƙashin mai shari'a Choudhury, ta ce dokar daidaito ta 2010 ta kare wannan aƙida ko da tana ɓata wa wasu rai, amma ba ta ba kowa izinin cin zarafin abokin aiki ba. Sai a 2023 aka yanke mata diyya, sama da fam 100,000, bayan shekara 4 tana zirga-zirgar kotu da kuɗin da jama'a suka tara mata.