Ƙannena masu tsaron raga, wa ya ce ku durƙusa?

Ƙannena masu tsaron raga a wasan hokin ƙanƙara, yau da ku nake, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace yake. A ƙarshen makon nan na kalli wasan 'yan ƙasa da shekara 16, wani gola ya hana ni sakat. Yaron yana da jiki, yana da zafin nama, kayan da ya sa ma sun fi na wasu manya kyau. Amma da zarar ɗan wasan gaba ya ƙetaro shuɗin layi, wato layin da ke shigo da shi yankinka, ya ɗan ja sandarsa baya, tun ba ta taɓa faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo ba, sai ka ga yaro ya zube a gwiwa. Mai bugun ya ɗaga kai, ya ga saman raga a wangale, ya ɗora faifan ta saman kafaɗarsa cikin kwanciyar hankali. Aka dawo tsakiya aka sake, ya sake zubewa. A karo na gaba ma ba a buga ba, miƙa wa na gefe aka yi, gola yana can a durƙushe yana fafutukar tashi, aka tura a raga ba kowa.

Wannan zubewa tun ba a buga ba ita ce cutar da ta kama yawancinku. Riga malam masallaci ke nan. Mai bugu bai yanke shawara ba, kai ka yanke masa, ka kuma nuna masa inda zai sa. Me ya rage masa?

Ku yi lissafi mana. Faɗin raga mita 1.83 ne, tsayinta mita 1.22. Manyan gololin da kuke gani a NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, da yawansu sun haura mita 1.90, Ben Bishop da ya yi ritaya ma ya kai mita 2.01. Irin wannan mutum in ya durƙusa ya miƙe gadon bayansa, kafaɗunsa suna kaiwa kusa da ƙarfen sama. Kai da ba ka gama girma ba, in ka durƙusa, kusurwoyin sama biyu kyauta ka bayar. Ga ku kuma da zaman 'yan bori, ɗuwawu a kan dugadugai, ƙirji a sunkuye, safar kamu a liƙe da cinya. Ka rage wa kanka tsawo sau biyu, sannan ka juyo kana mamakin ta ina faifan ya wuce. Juuse Saros na ƙungiyar Nashville tsawonsa mita 1.80 ne kawai, gajere ne a cikin gololin yau, kuma abin da ya tsayar da shi a cikin dogaye shi ne haƙurin tsayuwa a kan ƙafa har sai ya karanci bugun. Shi ya kamata ku zuba wa ido.

Na san abin da za ku ce, wai salon malam-buɗe-littafi ne, na durƙusawa a baza ƙafafu gefe don rufe ƙasan raga, kowa shi yake yi yanzu. Gaskiya ne, ba ni da faɗa da salon. Glenn Hall ya yi shi tun ana tsaron raga ba abin rufe fuska, Tony Esposito ya bi, sannan Patrick Roy da kocinsa François Allaire suka gyara shi a Montreal har Roy ya ɗauki kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 1986 yana ɗan shekara 20. Sai dai su saboda faifan da zai bi ƙasa suke durƙusawa, bayan sun ga yadda bakin sandar mai bugu ya kwanta. In bakin sanda ya kife, faifan ƙasa zai bi. In ya buɗe yana kallon sama, tashi zai yi. Wannan karatun shi ne sana'ar. Ku kun ɗauki durƙuson kun bar karatun, kun ɗauki kwanso kun zubar da ƙwaya.

Kuma kada wanda ya ce mini saurin faifai ne ya tilasta masa. Bugun Zdeno Chára da aka auna a 2012 ya kai kilomita 175 a awa, to shi ƙato ne mai ƙarfin gaske, a gasar gwada ƙarfin bugu. Sa'anka ɗan shekara 14 da ya bugo daga shuɗin layi, kusan mita 20 daga ragarka, wane sauri ne da shi? Kana da lokacin gani, kana da lokacin matsawa. Tsoro ne kawai, da lalaci. Wasu ma rufe ido suke yi, wallahi na gani, kai ya kau gefe, kafaɗa ta ɗage, ana jiran a ji ta a jika. Sauri ya haifi nawa, garaje kuma ba ƙarfi ba ne.

Daga zubewar nan sauran matsalolin suke fitowa. Wanda ya faɗa ƙasa da ka ba ya lura da sandarsa, sai ta tashi daga kan ƙanƙara, faifai ya bi tsakanin ƙafafu. Wanda bai bi faifan da ido har cikin safa ba, ba kamawa yake ba, bugunsa faifan yake yi, ya dawo gaban raga ya faɗa wa ɗan wasan da ke laɓe a wurin. Maimakon a karkatar da shi zuwa kusurwa da sanda ko da allon hannu, sai a bar shi yana tsalle a bakin raga. Tashi kuma wani abin takaici ne. Faifai ya koma dama, kai ka tashi da ƙafar da ba ita ba, ka tura kanka hagu. In za ka dama, ƙafar hagu ce za ta kafa ta tura ka, bayan kai da ido sun riga sun juya. Wannan ai karatun farko ne.

Sai kuma sabon yayin jingina da ƙarfen raga, gwiwa ɗaya a kwance, kafaɗa a manne. An ƙirƙire shi ne don faifan da ke bayan raga ko dab da layin raga. Yanzu faifai yana can nesa a gefen fili, yaro ya riga ya jingine kamar mai jiran mota, ga rami a saman kafaɗarsa kusa da kunne. Durƙuson nan ne dai ya canza riga. Ba ma a maganar ƙugu, likitocin wasanni sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan faɗawa a wannan yanayi yana cin gaɓar ƙugu, balle ga wanda ƙashinsa bai gama ƙwari ba.

Bari in ɗan ratse. Waɗannan gajerun bidiyoyi da kuke kwana kuna kallo a waya suna cikin abin da ya ɓata ku. Ana nuna muku gola ya yi tsalle ya kama da ƙyar, ba a nuna muku cewa kuskuren tsayuwa ne ya jawo tsallen. Golan kirki yawancin tarewarsa ba ta da daɗin kallo, faifai ne ya zo ya same shi a ƙirji saboda yana inda ya kamata. Kuna son zama Dominik Hašek, golan Jamhuriyar Czech, kuna birgima kuna jefar da sanda, kun manta mutumin da ya ɗauko wa ƙasarsa zinare a Nagano a 1998 idonsa ba ya barin faifai ko yana kwance rigingine. Ga fentin hular kwano, ga sa kayan ƙafa su dace da launin riga, a nan hankalinku yake. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kuma da an ci ku sai ɗaga hannu ana harar 'yan baya, ana dukan ƙarfen raga da sanda. Wa ya koya muku wannan rashin kunyar?

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku koma ku koyi tafiya a kan ƙanƙara, ku koyi jira, ku riƙa tambayar kanku me kuka gani kafin gwiwa ta taɓa ƙasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ke ba ni baƙin ciki, da can tsayuwa ita ce mutuncin gola. Kafin Janairun 1918, a gasar NHL hukunta gola ake yi in ya bar ƙafarsa ya faɗi don ya tare, har Clint Benedict na Ottawa ya riƙa yin kamar santsi ne ya kwashe shi. Ba cewa nake a dawo da dokar ba. Amma ko a zamanin Martin Brodeur, da ya ci wasa 691, ana ganin gola ya tsaya cak ya sa mai bugu ya rasa ta yi, ya fito ya tare faifai a bayan raga ya miƙa wa ɗan baya kamar shi ma ɗan wasan fili ne. Yau wasu masu horarwa tsawon yaro kawai suke dubawa, su jera faifai hamsin su yi ta bugo masa yana faɗuwa yana tashi, su ce an yi atisaye. Iyaye kuma suna bakin fili suna tafi.