Yaron da ya bugu a ka ya gama wasa a ranar

Duk mai tsayawa kallon ƙwallon yara da la'asar a filayen unguwannin Maraɗi, daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo, ya taɓa ganin irin wannan. An bugo kwana, yara biyu sun tashi sama neman ƙwallo ɗaya, goshin wannan ya sami gefen kan wancan, aka ji ƙara kamar an gwara ƙwarya biyu. Ɗaya ya zube. Kafin ka ce me an yanyame shi: wani ya fasa ledar ruwa ya kwara masa a fuska, wani ya ɗaga ƙafafunsa sama, wani yana marinsa a kumatu, daga bakin fili ana ihu, "Tashi mana, kai fa namiji ne!" Yaro ya miƙe yana tangaɗi, aka yi masa tafi, alƙali ya busa usur aka ci gaba.

Babu mai amfani ko ɗaya cikin abubuwan nan, wasu ma illa suke yi. Amma mafi haɗari ita ce busar usur ɗin ta ƙarshe. Yaron da ya bugu a ka har aka ga alama, ko da guda ɗaya ce, ya gama wasa a ranar, ko wasan ƙarshe ake yi, ko shi ne mai ci wa unguwa ƙwallo. Kuma bai dace a bar wannan hukunci a hannun yaron ko mai horar da shi ba. A rubuta shi cikin dokar kowace gasa.

Ƙwaƙwalwa ba a ɗaure take cikin ƙoƙon kai ba. Taushinta bai wuce na awarar da ba a soya ba, kuma tana zaune ne cikin wani ɗan ruwa da ya kewaye ta. Idan kai yana tafe da gudu ya tsaya farat ɗaya, ko ya murɗe gefe da ƙarfi, ƙwaƙwalwar takan girgiza a ciki, siraran jijiyoyin da ke kai saƙo su miƙe fiye da ƙima, aikinsu ya rikice na kwanaki ko makonni. Wannan ita ce girgizar ƙwaƙwalwa. Ba sai an ga jini ko kumburi ba, ba ma sai an taɓa kan ba, domin bangazar kafaɗa a ƙirji na iya fizgar kai yadda ya isa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne jiran suma. Cikin mutum goma da suka sami girgizar a wasa, da ƙyar ake samun ɗaya da ya suma. Sauran a tsaye suke, kuma su ne ake mayarwa fili. Yaro kuwa ya fi babba shiga haɗari: wuyansa bai yi ƙwari ba, kansa ya yi wa jikinsa girma, ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba, kuma ya fi babba jinkirin warkewa.

Alamun ba sa buƙatar na'ura. Ya faɗi bai kare kansa da hannu ba, ya daɗe a ƙasa, ya tashi yana dafe da kai yana layi, ido ya yi zuru ba ya kallon kowa, ko ya nufi ragar da ba ita suke ci ba. In an ja shi gefe zai ce kansa na sara, ko jiri na ɗibarsa, ko zuciyarsa na tashi, ko yana gani dishi-dishi. "Lafiya kake?" ba tambaya ba ce a nan, don babu yaron da zai amsa da wani abu ban da "lafiya lau" alhali abokansa na jiransa. A tambaye shi wane fili ake, kashi na nawa ake bugawa, wa ya ci ƙwallon ƙarshe, da wa suka buga makon jiya. Ya kuskure ɗaya, magana ta ƙare. Ya amsa duka daidai amma an ga tangaɗin nan, nan ma ta ƙare. Hukumar FIFA da Hukumar Lafiya ta Duniya, a gangamin da suka ƙaddamar tare a 2024, sun jaddada cewa alamun na iya ɗaukar sa'o'i 72 kafin su bayyana.

Wahalar ita ce yaranmu sun ga akasin haka a gidan kallo. A gasar cin kofin Afirka a Kamaru, Janairun 2022, Sadio Mané ya yi karo da golan Kef Bad, kansa ya bugi ƙasa, ya ci gaba da wasa har ya ci ƙwallo, sannan ya sake kwantawa aka fitar da shi aka kai asibiti. Kwana biyar bayan nan ya buga wasa na gaba. A gasar duniya ta 2018 duniya ta kalli yadda aka riƙa marin Nordin Amrabat na Maroko ana fesa masa ruwa a bakin fili bayan ya bugu a wasansu da Iran, shi ma kwana biyar ya sake fitowa. Yaron da ya ga haka jarumta ya gani. Bai ga cewa waɗannan manya ne, da likitoci da na'urar hoton ƙwaƙwalwa a bayansu, kuma duk da haka masana sun soki abin da aka yi.

Me ake gudu? Wanda ƙwaƙwalwarsa ta girgiza ba ya ganin abin da ke zuwa masa da wuri, don haka ya fi kowa a filin kusa da bugu na biyu. Bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba yakan tsawaita jinya, kuma a wasu lokuta, ba da yawa ba amma akasari ga matasa, yakan sa ta kumbura nan take har a rasa rai. Akwai kuma abin da ya fi ruɗar mutane. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin siriri ne, kuma jijiyar jini na bi ta ƙarƙashinsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini zai riƙa taruwa a hankali tsakanin ƙashi da rigar ƙwaƙwalwa. Yaro na iya farfaɗowa ya yi magana, ya yi dariya, ya taka da ƙafarsa har gida, sai bayan isha'i ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci ya danne shi. Aikin tiyata a kan lokaci na ceton irin wannan yaro. Jira zuwa safiya na iya kashe shi.

Saboda haka akwai alamun da ba a zama shawara a kansu: suma ko da ta daƙiƙa kaɗan ce, jijjiga, amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, ciwon wuya, mutuwar hannu ko ƙafa ko jin tsira-tsira a cikinsu, ganin abu biyu-biyu, baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ruwa ko jini daga kunne, ruɗewa ko faɗa marar dalili. Ɗaya daga cikinsu, sai asibiti kai tsaye, kuma babban asibiti, inda za a iya ɗaukar hoton kai.

A filin kuma, wanda ya faɗi bai motsa ba ana ɗaukarsa a matsayin mai rauni a wuya har sai an tabbatar ba haka ba ne. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe shi da tafukan hannu biyu yadda ya same shi, sauran su ja baya. Ba a ɗaga ƙafa, ba a zaunar da shi, ba a ɗura masa ruwa, don ruwan zai iya wucewa huhu. Ba a cusa yatsa ko cokali a baki da sunan kar ya haɗiye harshe: harshe ba ya haɗiyuwa, abin da ake samu shi ne karyewar haƙori da cizon yatsa. Idan amai ya taso, mutum uku su mirgina shi gefe lokaci ɗaya, kai da wuya da gangar jiki a miƙe kamar gungume. Idan ba ya numfashi yadda ya kamata, a fara danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti. A kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. In dole sai an ɗauke shi, a kan ƙyaure ko faffaɗan katako cikin mota. Kabu-kabu da mutum biyu sun matse shi a tsakiya, kai na lilo a kowane rami, na iya mayar da tsagewar ƙashin wuya ta zama shanyewar jiki ta har abada.

Wanda ba shi da waɗannan manyan alamu ma ba a sallamarsa shi kaɗai. Babba ya raka shi gida ya gaya wa iyaye baki da baki: "Baba, yaronka ya bugu a ka wajen ƙarfe biyar, ga abin da muka gani, ga abin da za ku lura da shi." Wannan jumlar tana da nauyi a garinmu fiye da wurare da yawa. Gasannin unguwa sun fi yawa a babban hutu, babban hutu kuma damina ce, lokacin da masassarar cizon sauro ke cika asibitocin Maraɗi da yara. Yaron da ya dawo da ciwon kai da amai a watan Agusta, kuma ya ɓoye cewa ya je ƙwallo don tsoron faɗa, maganin masassara za a saya masa. In jijjiga ta zo, wani zai ce iska ce. Ma'aikacin lafiya ma ba zai nemi rauni a ka ba in ba a gaya masa ba, kuma a duba shi cikin kwana guda ya fi.

Magani: farasitamol kaɗai, daidai nauyin yaro. Asfirin, ibufurofen da dikilofenak na iya ƙara zubar jini, a guje su a kwana biyun farko. Tiramol, wanda wasu matasa ke haɗiya kafin wasa don kar su ji gajiya, ya fi duka muni a nan, domin yana ɓoye ciwon kan da ake son a gani, yana kawo barci, yana kuma sauƙaƙa jijjiga. A bar yaro ya yi barci, amma babba ya kwana kusa da shi ya riƙa dubawa. Kwana ɗaya zuwa biyu na hutu, a rage waya da talabijin, ba tare da an kulle shi a ɗaki mai duhu ba. Daga nan tafiya a hankali, sai sassarfa, sai atisaye da ƙwallo shi kaɗai, sai atisaye da 'yan'uwansa ba karo ba bugu da ka, kowane mataki aƙalla sa'o'i 24, kuma in ciwo ya dawo a koma baya. Karatu na gaba da ƙwallo: wanda bai iya zaman aji ko makarantar allo ba tare da ciwon kai ba bai isa shiga fili ba. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 don wasannin da ba na ƙwararru ba ta ce kwana 14 babu wata alama kafin atisayen da ake karo, kuma ba wasan gasa kafin kwana na 21. Inda babu likitan ƙungiya, wannan adadi ya fi dacewa da mu, don kowa na iya ƙirga mako uku.

Sai maganar buga ƙwallo da ka, wadda ta fi cika kafofin labarai. Binciken Jami'ar Gilasgo na 2019 ya duba tsofaffin ƙwararrun 'yan wasan Sikotilan 7,676, ya gano sun ninka sauran jama'a kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Ci gaban binciken ya nuna 'yan baya sun fi kowa, masu tsaron gida kuwa ba su bambanta da sauran mutane sosai ba. Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa kai tun 2015, Ingila ta fara cire shi daga wasannin ƙananan yara mataki-mataki daga 2024. Gaskiya binciken a kan mutanen da suka yi shekaru suna sana'ar ne, bai ce komai kai tsaye a kan yaron da ke sa kai sau biyu a mako ba. Amma hanin ba ya cin ko dala, kuma yaron da aka hana sa kai yakan koyi sauke ƙwallo da ƙirji da ƙafa, abin da kowane mai horarwa ke nema. Ribarsa ta biyu ta fi girma: yawancin girgizar da ake samu a ƙwallon ƙafa ba ƙwallon ke kawo ta ba, karon kai da kai ne ko gwiwar hannu yayin tsalle, kuma in babu dalilin tsalle babu karon.

Abin da ya fi damuna a filayenmu ma ba shi ne wannan ba. Ƙwallo mai lamba 5, ta manya, nauyinta giram 410 zuwa 450 ne, kuma ita ake ba 'yan shekara tara, sau da yawa an cika ta da iska a wurin mai faci har ta zama dutse. Lamba 4 ce tasu, lamba 3 ga ƙanana, kuma a rage iska har babban yatsa ya ɗan lotsa ta. Ana haɗa ɗan shekara 11 da ɗan shekara 16 a wasa ɗaya don an rage shekaru a takarda, ko don babu wanda ya tambaya. Ana kafa bulo a matsayin raga, daidai inda gola zai faɗa da kai. Ana ajiye ragar ƙarfe ba a kafe ta a ƙasa ba, yara na lilo a sandar sama. Fili na ƙarewa taku biyu daga katanga, ko gindin bedi, ko babura da aka jera a bakin layi. Minti goma na zagaya fili kafin wasa, a tsince duwatsu a matsar da babura, ya fi duk hular kariya da ake talla, wadda ke rage fashewar fata amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki.

Za a ce babu likita a gasar da fadar matasan unguwa ta shirya da kuɗin karo-karo, to wa zai yanke hukunci? Ba a nemi kowa ya gano cuta ba, zato ya isa, kuma alƙalin wasa ne ya kamata ya riƙe wannan iko, domin shi kaɗai ne ba ya neman kofin. Za a ce ƙungiya za ta cutu in an fitar mata da ɗan wasa. Masu tsara dokokin ƙwallo na duniya sun riga sun warware wannan: daga Yulin 2024 an yarda kowace gasa ta ba da ƙarin canji na musamman ga wanda ake zaton ya sami girgizar ƙwaƙwalwa, ba ya shiga lissafin sauran canje-canje. Za a ce wasu za su yi ƙaryar buguwa don su sami ƙarin canji. Wanda ya yi ƙaryar ya sayi zaman benci na mako uku, ba na jin za a yi ta sau biyu.

Reshen jiha na FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, da ƙungiyoyi irin su Ɗan Kasawa da Jangwarzo waɗanda yaran gari ke burin sa rigarsu, su ne ke da bakin da za a ji. Su sa wannan cikin horon alƙalai da masu horarwa, su kuma sa ya zama sharaɗin amincewa da kowace gasar yara. Kafin nan, mai shirya gasar unguwa na iya farawa da littafi guda na makaranta a teburin alƙali: sunan yaro, ranar da ya bugu, lambar wayar mahaifinsa, da ranar da ta cika kwana 21. Kafin kowane wasa a buɗe littafin a duba sunaye.