Wai har yanzu Rian Johnson kuke ɗora wa laifin Rise of Skywalker?

Duk inda masoya Star Wars biyu suka haɗu aka ambaci The Rise of Skywalker sai musu ya kaure, kuma ba wai kan ko fim ɗin ya yi kyau ake musun ba fa, wannan kusan kowa ya sallama tun Disambar 2019 da ya fito, rigimar ita ce wa ya jawo. Wasu su ce ai darakta Rian Johnson ne ya rusa gidan tun a The Last Jedi na 2017, na biyu a sabbin finafinan uku, ya kashe babban bos Snoke ya kashe tsohon jarumi Luke ya bar wa J.J. Abrams, daraktan na farko da na ƙarshe, kango, to me kuke so bawan Allah ya yi. Wasu su ce a'a Abrams ne dama can bai iya ƙarasa labari ba, buɗewa kawai ya iya. Ni kam duk ba a nan gizo ke saƙa ba. Tsoro ne ya rubuta fim ɗin nan, tsoron mu 'yan kallo, kuma wallahi in ka zauna ka kalle shi da kyau za ka ga tsoron nan a kusan kowace fitowa.

Mu fara da Palpatine, mugun sarkin tsofaffin finafinan, tunda shi ne ya fi tsaya wa kowa a rai. A Return of the Jedi na 1983 Darth Vader ya ɗaga mutumin nan sama ya wurga shi cikin rami don ya ceci ɗansa Luke, shi ma Vader ya rasa ransa a dalilin haka, sannan Death Star, tashar yaƙin da abin ya faru a ciki, gabaɗaya ta tarwatse. Wannan fitowar ita ce ta ba finafinai shida na George Lucas ma'ana, uba da ya ɓata rayuwarsa ya tuba a ƙarshe ya fanshi ɗansa da ransa. Sai ga shi bayan shekara 36 a rubutun buɗe fim kawai an sanar da mu wai matattu sun yi magana, Palpatine na nan da ransa. Babu alama a The Force Awakens na 2015, babu a na 2017. A cikin fim ɗin kansa Poe, ɗaya daga cikin jaruman, ya tsaya gaban jama'a ya ce ko ta yaya dai Palpatine ya dawo, wani daga gefe ya jefo maganar kwafin halitta da sirrin 'yan Sith, wato ƙungiyar mugaye ta su Palpatine, shikenan aka wuce wurin. Saƙon da aka ce ya aika wa duniyoyi wanda ya tayar da hankalin kowa ba a cikin fim aka ji shi ba, a cikin gem ɗin Fortnite aka sake shi kwanaki kaɗan kafin fim ya fito, cikakken bayanin cewa jikin kwafi ne kuma sai a littafin fim ɗin da ya fito a 2020. Haba jama'a, mutum ya biya kuɗin sinima ya zauna minti 142 sannan a ce ya je ya buga gem ya sayi littafi kafin ya san yadda aka yi bos ya dawo?

Kuma me ya sa suka tono shi? Ba don Rian ya bar su babu bos ba ne kamar yadda ake ta faɗa. The Last Jedi ya ƙare Kylo Ren na zaune a kan kujerar mulki, ya kashe ubansa Han Solo ya kashe ubangidansa Snoke, an miƙa masa hannu ya ƙi karɓa, babu kuma wani tsoho a bayansa da zai ce shi ya sa shi. Karon farko kenan a Star Wars da mugun da ke saman kowa yake ɗan gida, ɗan Leia 'yar uwar Luke, kuma Adam Driver ne ke wasan, wanda ni a ganina ya fi kowa iya aiki a finafinan ukun. Wane bos kake nema da ya wuce wannan? Amma sai ka yi ƙarfin hali kafin ka rubuta yadda irin wannan mutumin zai tuba ko ya halaka ba tare da an kawo wanda ya fi shi mugunta an jingina masa laifi ba, su kuma ba su da wannan ƙarfin halin, sai suka koma wa tsohon da kowa ya sani. Har hular Kylo da ya farfasa da hannunsa a fim na biyu sai da aka liƙe masa ita aka mayar masa a ka. Daga ƙarshe da ya tuba ya koma Ben Solo kuma, ku duba ku gani, kusan bai sake furta wata magana ba har ya mutu in banda ƙarar zafin faɗuwa da ya yi.

Sai maganar mutuwa, wannan kam tana ƙona min rai sosai. A hamadar Pasaana walƙiya ta kuɓuce daga hannun Rey, jarumar finafinan, ta tarwatsa jirgin da ta zata Chewbacca na ciki, ta ƙwala ihu, kai ma da kake kallo gabanka ya faɗi don yarinyar nan ta kashe abokinta da hannunta, yanzu fa labari zai yi nauyi. Ko gama jimami ba ka yi ba aka nuno shi yana numfashi, wai ashe wani jirgin ne daban. Mutum-mutumin nan C-3PO ya yarda a goge masa ƙwaƙwalwa don a fassara rubutun 'yan Sith, ya tsaya ya ce bari ya yi wa abokansa kallon ƙarshe, can anjima R2-D2 ya mayar masa da abinsa. An tarwatsa duniyar Kijimi ɗungurungum, amma Zorii da Babu Frik, su kaɗai ɗin da muka sani a can, sai ga su a yaƙin ƙarshe lafiyarsu lau. Rey ta soke Kylo ta warkar da shi nan take. Ita ma ta mutu aka tashe ta. To in kowane lokaci aka ce maka ka yi kuka sai a dawo a ce yi haƙuri wasa ne, ta yaya za ka yarda da hawayen gaba? Shi ya sa lokacin da ɗaruruwan jiragen yaƙi suka taso daga Exegol, maɓoyar Palpatine, kowane ɗaya wai zai iya tarwatsa duniya guda, ni ko gezau ban yi ba, na riga na san babu abin da zai samu kowa.

Wuƙar nan da aka ɗora ta daidai kan ɓaraguzan Death Star a Kef Bir ta nuna hanya ba zan ma tsaya a kanta ba, an yi ta faɗa har an gaji.

Ba zan ce babu abin kirki ba, akwai. Faɗan takobi a kan ɓaraguzan nan igiyar ruwa na dukansu ya yi kyau ƙwarai, kuma fitowar da Han Solo ya dawo wa ɗansa a matsayin tunani suka maimaita maganar da suka yi kafin ya kashe shi a 2015, wannan ta taɓa ni gaskiya, Harrison Ford da Driver sun yi aiki a wurin. Kiɗan John Williams kuma ai ba a magana. Amma ku lura fitowar nan ta yi kyau ne saboda ita kaɗai ce kusan aka bar mutum biyu suka tsaya suka yi magana ba wanda ke gudu, sauran fim ɗin daga wannan duniya a faɗa waccan ana neman wani abu da zai kai su ga wani abu.

Abin da ya fi min ciwo duka shi ne asalin Rey. A The Last Jedi Kylo ya sa ta faɗa da bakinta cewa iyayenta ba kowa ba ne, ya ƙara mata da cewa 'yan bola ne da suka sayar da ita don kuɗin giya, ba ta da gurbi a labarin nan. Na san da yawa sun ji haushi don sun kwashe shekara biyu suna lissafin ko 'yar Luke ce ko jikar Obi-Wan malamin Luke. Amma ku tsaya ku yi tunani, wace amsa ce ta fi wannan zafi ga marainiyar da ta yi rayuwarta tana zana kwanaki a bango tana jiran a dawo a ɗauke ta? Kuma wace amsa ta fi ta daraja ga mai kallo? Fim ɗin ya rufe da wani yaro bawa mai share garken dabbobi ya miƙa hannu tsintsiya ta zo masa, ma'ana baiwar Force, ƙarfin ɓoye da jaruman ke aiki da shi, ba gadon gidan wane ba ce, ɗan talaka ma yana iya samu. Duk wanda aka taɓa tambaya ɗan gidan wa ye kai kafin a saurare shi ya san abin da wannan ke nufi. Sai Rise of Skywalker ya zo ya ce a'a, ƙarfinta daga jini ne, jikar Palpatine ce. Wato dai in ba jinin sarauta ba ne a jikinka, ko na kirki ko na mugunta, ka koma gefe ka yi tafi. Daisy Ridley da ta fito a Rey da kanta ta faɗa a wata hira a 2020 cewa an taɓa tunanin haɗa ta da Obi-Wan, kuma ko ana cikin ɗaukar fim na ƙarshe maganar Palpatine ɗin ba ta gama zama ba, yau a ce haka ne gobe a ce ba tabbas. Babban sirrin jarumar fim kenan fa ake juya shi haka.

Yanzu ga inda mu masoya ya kamata mu sunkuyar da kai. Kelly Marie Tran da ta fito a Rose ta sha zagi da cin mutunci na launin fata da na siffarta har ta goge duk abin da ta ɗora a Instagram a 2018. Me kamfanin Disney ya yi? Maimakon su tsaya mata su ba ta rawa mai kyau, sai aka ajiye ta a sansani wai tana nazarin jirage, masu ƙirgawa suka ƙirga suka ce fitowarta duka minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙu. Ko me suka ce dalilinsu ne, abin da masu zagin suka gani shi ne ihunsu ya biya. Finn kuma, kai Finn! Yaro aka sace aka raine shi soja aka ba shi lamba FN-2187 a madadin suna, ranar farko da aka ce ya harbi mutanen ƙauye ya ƙi ya gudu. Labarin yaran da ake sacewa a damƙa musu bindiga mu nan mun san ba tatsuniya ba ce. A fim na ƙarshe har ya haɗu da Jannah da rundunarta waɗanda su ma haka suka ajiye makamai, ga labarin tawayen sojojin nan a shimfiɗe a gabansu, amma aka bar shi yana bin Rey a guje yana ƙwala kiran sunanta, wai yana da maganar da zai faɗa mata, har aka tashi fim bai faɗa ba. John Boyega da ya fito a Finn, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, bai ɓoye ba, a hirarsa da mujallar GQ a 2020 ya ce wa Disney kada su fito da baƙar fata su tallata shi kamar shi ne ginshiƙi sannan su ture shi gefe. Ya yi gaskiya.

Kamar tela ne da ya buɗe shago kowa ya wuce ya faɗi ra'ayinsa kan rigar da ke kan keke, wannan ya ce rage hannu ya rage, wancan ya ce ƙara wuya ya ƙara, ƙarshe riga ba ta shiga jikin kowa. An yi ƙorafi Luke ya wurgar da takobi, sai aka sa fatalwarsa ta cafe takobi ta ce a girmama shi. An yi ƙorafi kan yadda kwamanda Holdo ta tsaga jirgin abokan gaba da nata jirgin a The Last Jedi, sai aka sa Finn ya ce ai wannan sa'a ce ta ɗaya cikin miliyan. Waɗanda suka so The Last Jedi suka ji an ci musu fuska, waɗanda suka ƙi shi kuma ba su gamsu ba, an gudu gara an faɗa gidan zago.

Masu kare fim ɗin suna da hujja guda mai ƙarfi kuma na karɓe ta, rasuwar Carrie Fisher da ta fito a Leia a Disambar 2016. Wannan fim ɗin nata ya kamata ya zama kamar yadda na farko ya zama na Han na biyu na Luke, dole suka yi ta ɗinka tsofaffin fitowarta da suka rage daga The Force Awakens, kuma ana gani. Sannan Colin Trevorrow da aka fara ba aikin ya bar shi a Satumbar 2017 aka kira Abrams cikin gaggawa. Duk na ji. Hujjar da ban karɓa ba ita ce ta cewa rashin tsara finafinan uku tun farko shi kaɗai ne matsalar. Lucas ma ai bai tsara komai tsaf ba, a 1980 Leia ta sumbaci Luke, a 1983 aka ce 'yar uwarsa ce. Bambancin shi ne kowane fim nasa yana ɗaukar abin da na baya ya bari ya gina a kai, ba ya tsayawa ba da haƙuri a kansa, kuma shekara uku yake bari tsakanin fim da fim. Disney da suka sayi Lucasfilm a 2012 kan kimanin dala biliyan 4 suka sa shekara biyu-biyu, ga Rogue One a 2016 ga Solo a 2018 a tsakani, har Bob Iger, shugaban Disney a lokacin, da kansa ya yarda a 2018 cewa sun yi yawa kuma sun yi sauri.

Mai cewa ai fim ɗin ya haura dala biliyan 1 ya duba jerin da kyau, na 2015 ya wuce biliyan 2, na 2017 kusan biliyan 1.3, na ƙarshe wanda aka tallata a matsayin rufe labarin shekara 42 ya tsaya a biliyan 1 da kaɗan, daga nan shekaru suka yi ta wucewa ba su sake kai wani sabon Star Wars sinima ba. Ku Disney, kun rasa jarumarku, kun canja darakta, kun sake rubutu daga farko, amma ɗagawar da kuka iya yi daga Mayu zuwa Disambar 2019 ce kawai, wata bakwai. Wa zai ƙi zuwa kallo don an ƙara shekara ɗaya?