Gyaran CV ya fi yawan tura shi

Wani labari ya ce masu digiri sun yi yawa, guraben aiki kuma kaɗan. Haka ne, amma da yawa CV ɗinsu, wato takardar bayanin karatu da gogewar aiki, ne ke kayar da su tun kafin intabiyu. Manyan kamfanoni suna da manhajar da ke tace takardu kafin mutum ya duba. Idan tallar aikin ta nemi Excel (manhajar lissafi ta kwamfuta), kai kuma ka iya amma ba ka rubuta ba, manhajar tacewar tana iya ture ka gefe. Kowane aiki da nasa gyaran.

Shafi 1 ya ishi wanda ya gama bautar ƙasa. A tura a PDF, sunanka a kan fayil ɗin. Kuma "na koyar a makaranta" bai faɗi komai ba. Wane darasi, aji nawa, ɗalibai nawa, wata nawa?

Sunan da ke CV, NIN, shaidar bautar ƙasa (NYSC) da shafinka na LinkedIn (dandalin neman aiki a intanet) ya zama iri ɗaya. Muhammad a nan, Mohammed a can, kan jawo tsaiko wajen tantancewa. Imel mai laƙabin wasa kuwa, a buɗe sabo da cikakken suna.