Yadda Batirin Dirili Ya Ja Mini Maruru

Ana gobe jeren ƙanwar matata, muna zaune a gidan surukaina a Tudun Wada ana lissafin kuɗin kafintan da zai kafa ƙarafan labule da kantocin kicin, sai na gyara murya na ce a mayar da kuɗin nan cikin na gara. Ina da dirili, mai batir ma kuwa, wanda ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Ɗan Beljiyam ne, mai ruwan ɗorawa, na saye shi a hannun wani mai gwangwan da ya rantse mini cewa wani Bature ne ya yi amfani da shi sau ɗaya ya ajiye. Gwaggon amarya ta dube ni ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗan nan." Har na kwanta ina jin daɗin wannan addu'a.

Ƙarshen Disamba ne, kuma wanda ya san hunturun Zariya ya san abin da nake nufi. Hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, ruwan buta ya zama abokin gaba. Dirilin kuwa a but ɗin mota ya kwana, a waje. Da sassafe muka isa gidan amarya a Hanwa, 'yan jere sun cika falo da kwalaye da akwatuna. Na hau kujera, na auna, na yi alama da fensir, na yi bisimilla na danna. Dirili ya yi "wuuu", ya ɗan lashi fenti, ya yi shiru. Na sake dannawa. 'Yar fitilarsa ta ƙifta mini ido, shi ke nan.

"Ko bai karya ba ne?" in ji wata daga bayan kwalaye. Aka bushe da dariya. Matata ta duƙar da kai tana ninke zanin gadon da aka riga aka ninke.

Na ce ƙaramin abu ne, na fita. Akwai wani kafinta a bakin layin, na hango dirili a bencinsa, nasa mai launin shuɗi. Bayan gaisuwa na roƙi aron batir. Na duba jikinsa, an rubuta 18V. Nawa kuma 20V. Na ce a raina to, biyu ce kawai tsakaninsu, a yi maneji. Na tura, ya ƙi shiga. Na juya shi, ya ƙi. Na sa gwiwa zan taimaka masa, kafinta ya yi wuf ya karɓe abinsa ya ce, "Malam, da shi nake ciyar da iyali."

Sai Sabon Gari. A can na samu wani yaro mai gyaran batura, gabansa cike da ɓararrun kwasfa da wayoyi, kuma shi ne ya karantar da ni abin da mai gwangwan bai faɗa mini ba. Ya buɗe wani mataccen batir ya nuna mini cikinsa: 'yan batura biyar ne a jere, kowane ya ɗan fi babban yatsa tsawo, ana ce musu 18650. Kowane ɗaya 3.6V ne, biyar sun ba da 18. In an cika su da caji, kowane yakan haura 4V, shi ne wasu kamfanoni suke rubuta 20, musamman a kayan da aka yi don kasuwar Amurka. A Turai abu ɗayan nan 18 ake rubuta masa. Ashe ni da kafinta ƙarfinmu ɗaya. Abin da ya raba mu shi ne bakin: kowane kamfani da irin layin da batirinsa yake zamewa a kai da yadda ya jera haƙoransa, don in ka sayi nasu ka zama nasu har abada.

Na tambayi adafta. Ya ce akwai, amma in sani ba a caji da ita. Sannan wani kamfanin a cikin batir yake sa abin da ke yanke wuta in caji ya yi ƙasa, wani kuma a cikin injin. In ka haɗa batirin da ya dogara da inji da injin da ya dogara da batir, kowa ya bar wa ɗan'uwansa gadi, sai batir ya zuƙe har ya mutu murus.

"To sanyin fa?" na ce.

"Alhaji, sanyi yana rage masa kuzari, gaskiya ne. Ruwan sinadarin da ke ciki yakan yi nauyi, wuta ba ta fita da sauri, da ka matsa masa aiki sai ya yanke. Amma ƙasashen ƙanƙara ne suke kuka da wannan, can da ake zuwa ƙasa da digiri sifili, inda ko caji ba a yarda a yi masa ba sai ya ɗumama. Sanyinmu bai isa ya kayar da sabon batir ba. Tsoho yake tona wa asiri. Naka kuma 2Ah ne, Ah ɗin nan shi ne ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka. Mai 4Ah 'ya'ya goma ne a cikinsa, suna raba nauyin."

Na tambayi kuɗin mai 'ya'ya goman. Da ya faɗa, sai na ga ya ninka kuɗin kafintan da na hana a kira. Na ce a ba ni shawarar talaka. Ya ɗan sa mini caji, ya ce in ɗumama shi da zafin jiki, in sa a hammata, kada in kuskura in kai shi kusa da wuta.

Haka na koma Hanwa da batir a hammatar hagu, ƙarƙashin rigar sanyi da babbar riga, ina tuƙi da hannu ɗaya da rabi. Na tarar dangin ango sun zo ganin jere. Ba dama in zaro abu daga hammata a gaban surukai, sai na zauna a tabarma, kafaɗa a karkace, hannu a manne da haƙarƙari. Kawun ango ya miƙo hannu, na ba shi na dama, na kasa tallafa shi da na hagu kamar yadda ake yi wa manya. Ya ƙura mini ido. Gwaggo ma ta ƙura.

"Ɗan nan, maruru ne?"

Wallahi na buɗe baki zan faɗi gaskiya. Sai na hango kaskon garwashin da ke gabanta, na tuna halin Gwaggo: da ta ji abin ɗumi yake so, cikin kaskon nan za ta jefa shi, gidan amarya ya tashi. Na ce, "Ɗan ƙarami ne, Gwaggo."

Nan fa aka bar jere aka koma kaina. Wannan ta ce kanwa da man shanu, waccan ta ce a gasa da tsumma, kawun ango ya ce shi wanzaminsu a Kofar Doka tsaga ɗaya yake yi. Gwaggo ta yanke hukunci cewa mai maruru a hammata ba ya ɗaga hannu sama, balle ya hau kujera. Ta aiki yaro ya kira kafintan bakin layi.

Ya shigo da shuɗin dirilinsa, ya dube ni, ya dubi hammatata, bai ce komai ba. Kafin azahar ya kafa komai. Da aka zo biya, aka tuna kuɗin sun riga sun shige gara, sai duk idanu suka juyo kaina. Da hannun dama na laluba aljihun hagu na biya shi. Yana ƙirga kuɗin ya sunkuyo ya ce a hankali, "Allah ya ƙara sauƙi, Malam. In ya fashe, ina sayen 'ya'yan cikin."