Cinnaka da Kawun Amarya

Kun dai san tun damanar bara nike kiwon tururuwa, wanda bai sani ba shi tambayi 'yan majalisarmu ta Mabera, sun gama yi mani dariya tuni. Abin ba wuya. In ruwan farko ya sauka sarauniyoyinsu, wato matan da ka yin ƙwai, na hitowa da fukafukai, su yi barbara a sama, su faɗo su kakkarye fukafukan da kansu, sai ka tsinci guda ka sa ta kwalbar gwaji irin ta asibiti, ruwa a ƙasa, ka toshe da auduga ka aje cikin duhu. Ba ta cin komi sai ɗiyanta na farko sun hito. Haka nit tara gidaje: masu jidar gero da masana ke ce ma Messor, da manyan nan masu son zaƙi masu yawon dare, Camponotus, sai cinnaka, wadda har yau ban san mi yak kai ni ba. Kowa da robarshi, don in ka haɗa su yaƙi za a yi, da ƙamshi suke gane ɗan gida. Bakin kowace roba kuma sai ka shafe shi da basilin don kada su hawo.

To basilin da zahin Sakkwato. Watan Afrilu, digiri sama da 40, ba wuta, ɗaki na kwano. Narkewa yay yi ya tsiyaye, ƙura ta hau kai, ya zama kwalta.

Ranar kuwa ita ce kawun yarinyar nan da nike nema da aure yaz zo bincike, ba sanarwa, kun san shi ai, mai farin rawani ɗin nan da bai dariya ko ranar Salla. Na shimhiɗa mashi darduma bakin shagona, na kawo ruwan randa, na durƙusa. Durƙuson surukai hwa, gwiwa biyu ƙasa, kai sunkuye. Muna cikin "ina gajiya, ya zahi, ya mutan gida" naj ji cizon cinnaka ta farko a idon sau. Nac ce ba komi, namiji ne ni. Yac ce wace sana'a nike yi, ina buɗe baki ta biyu ta same ni bayan gwiwa, sai amsata ta hito da wata siririyar murya da ban taɓa sanin ina da ita ba. Ya dube ni ta saman tabarau. Ta ukku ta wuce cinya, ta nuhi inda ba a faɗi, kuma ba ita kaɗai ba, ina jin ayari na hawowa cikin wando a natse, ba mai gaggawa. Ba halin susa gaban suruki, ba halin miƙewa babba na magana. Sai na kama wani rausaya daga durƙushen, dama, hagu, ina matse ƙafafu, zuhwa na zuba, ina "awo Baba, haka ne Baba, gaskiya ne Baba" alhali tambayata yay yi ko nawa ne albashina. Yac ce yaro lahiya kake? Nac ce lahiya lau, hawaye na zuba. Yac ce ko kana da lalurar iska ne, ka faɗi gaskiya, aure ba a ɓoye mashi ciwo. Daidai nan wata ta kai maƙura. Jama'a na yi ihu. Ban ce wayyo Allah ba, wayyo Inna nac ce, da gemuna, na zabura na yi bayan gida riƙe da mazagi, takalmi guda a ƙafa.

Duk wanga abu mutuminku mai cajin waya na tsaye bakin kwantenarshi yana kallo. Wanga bawan Allah, ni nib ba shi aron janareta da azumi, har yau bai biya ni kuɗin hulogin da ya ƙone ba, kullum sai gobe. Maimakon shi kawo ɗauki ko shi ja Kawu da hira, sai ya tako har bakin darduma, ya gaishe shi da ladabi, yac ce "Ai Baba dabbobinshi ne, shi ka kiwonsu, har dabino yake saye masu." Dabino sau guda ne! Kuma ruɓaɓɓe ne! Har da ƙarin wai ina kiransu da suna. Mutumin da ke kwana da zakara cikin shago ne zai yi ma wani gorin kiwo. Shi ne kuma yab bi majalisa yana cinnaka ba ka san na gida ba, yanzu yaran layi ko kabu-kabu na hau sai sun bi ni da ita.

Da na dawo na canza wando na iske Kawu ya tattare babbar riga ya koma kan benci, ƙafafu a sama. Na yi ƙoƙarin gyara zance, nac ce Baba ai halitta ce mai daraja, sura guda gare ta a Alƙur'ani, ga ƙissar Annabi Sulaiman, kuma duk masu aikin nan mata ne, sarauniya guda a Jamus ta kusa shekara 29 a hannun mai kiwo. Ya yi shiru. Yac ce to ita ɗiyar tamu ɗaki guda za ta zauna da su? Nac ce a'a, sai kuma naj ji bakina na cewa suna buƙatar inuwa dai. Ko ruwan bai sha ba.

Gidan su yarinyar sun ce za su neme mu bayan Salla, ba su dai ce wace Sallar ba. Cinnakun sun tare ƙarƙashin randar Inna, ta ce in na kuma shigo da kwalba gidanta ni da ita ne. Masu geron na nan lahiya, sun ma yi sabbin ƙwai. An ce hodar jarirai da sifirit ta hi basilin riƙo a zahi, wanda ya taɓa gwadawa shi yi mani magana.